Ihun Aku: Abin da Yake Nema da Abin da Muke Koya Masa

Duk wanda ya ɗauki kuɗinsa ya sayi aku, magana yake son ji. So yake ya shigo gida tsuntsu ya yi masa sannu da zuwa, baƙi su sha mamaki, yara su yi ta ƙyaƙyata dariya. Da yawa daga cikinmu tun muna aji muka ƙulla wannan buri, daga littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku ya yi ta zuba hikima har ya kai ga sarautar waziri. Abin da mai sayarwa ba ya faɗi shi ne, bakin nan da ke kwaikwayon sallamar maigida shi ne kuma zai cika unguwa da ihu tun da duku-duku. Bayan 'yan watanni sai ƙorafi ya taso. Uwargida ta ce kanta na sarawa, jariri ya kasa barci, maƙwabci ya tare maigida bayan an idar da salla ya ce, "Alhaji, don Allah a duba mana lamarin tsuntsun nan." Daga nan sai a ɗauke keji a kai bayan gida ko ɗakin shirgi, a jefa masa tsohon bargo. Ihun kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ni a ganina, wanda ke neman aku mai shiru ɗungurungum yana neman abin da babu shi. Aku mai lafiya dole ya ɗaga murya. Amma ihun nan da ke hana gida sakat daga safe har dare, mafi yawansa mu ne muka koya masa ba da saninmu ba, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi da wani. Sai dai aikin na mutanen gida ne kafin ya zama na tsuntsu.

Akun da muka fi sani, mai ruwan toka da jar wutsiya, ɗan kurmi ne. Mazauninsa ya taso daga Kwaddibuwa da Gana, ya ratsa kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har ya dangana da Yuganda da yammacin Kenya. A can ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Da yamma sukan taru su kwana a kan dogayen bishiyoyi, a da har ɗaruruwa a wuri guda, da safe kuma su watsu ƙungiya-ƙungiya su yi tafiya mai nisa neman abinci. A cikin duhun ganye ido ba ya kaiwa nesa, murya ce ke haɗa miji da mata, iyaye da 'ya'ya, na gaba da na baya. Saboda haka aka halicce shi da muryar da za ta keta daji. Ba shi da irin tantanin murya na ɗan Adam. Sautinsa na fitowa ne daga wata gaɓa da ke can ƙasan maƙogwaro, daidai inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kuma da ita yake fito, da ita yake magana, da ita yake kururuwa.

Cikin dangin aku ma namu yana da dama-dama. Kokatu na Ostareliya da Indonesiya, da makawo da konuwa na Kudancin Amurka, ihunsu kan haura desibel 100 idan kana kusa, alhali masana lafiyar ma'aikata sun ce wuni cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na sa'o'i takwas yana iya lalata ji. Namu mai ruwan toka bai kai su ƙarfi ba, amma yana da tasa matsalar: gwanin kwaikwayo ne, kuma sautin da ya fi tsini shi ya fi saurin ɗauka. Ƙarar waya, ƙugin ƙofar ƙarfe, ham ɗin mota, tsuwar injin, kukan jariri. Tsirya ma, wadda ke yawo a dazuzzukanmu na arewa, ƙarama ce amma muryarta na huda kunne.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Kaza da tattabara sun shafe dubban shekaru a hannun mutane har halinsu ya sauya. Aku bai yi wannan tafiyar ba. Wanda aka ƙyanƙyashe a keji, iyayensa ko kakanninsa 'yan daji ne. Wanda aka sayo a kasuwanninmu kuwa, galibi shi kansa daga daji aka kamo shi. Dabbar daji ce a cikin falo, da duk halayen da daji ya buƙata.

Daga cikin waɗannan halaye akwai hayaniyar asuba da ta almuru. Gari na wayewa zai buɗe murya na ɗan lokaci, rana na faɗuwa zai sake. Wannan ba matsala ba ce, kuma wanda ya ce zai hana shi zai wahalar da kansa da tsuntsun a banza. Abin da za a iya yi shi ne a rage tsawonta: a shirya masa abincin safe da wuri, tun da bakin da ke aikin ɓare tsaba ba ya ihu, da yamma kuma a zauna kusa da shi a yi masa fito ko hira har lokacin ya wuce. Haka nan ihun tsoro daban yake, mai kaifi ne, yana zuwa da buga fuka-fuki. Shaho ne ya gifta a sama, ko kyanwa ta hau katanga, ko wani ya shigo da tsintsiya a ɗage, ko an kawo wani sabon abu an ajiye dab da keji. Maganinsa a gano abin tsoron a kawar, a jingina kejin da bango ta yadda ba ta kowane ɓangare ake fuskantarsa ba, a kuma rufe masa gefe guda na sama ya sami inda zai fake.

Inda maganar take da nauyi shi ne kiran neman 'yan'uwa. A shekarar 2011 wani mai bincike a Jami'ar Cornell, Karl Berg, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a Benezuwela kan wasu ƙananan tsuntsaye dangin aku. Sun gano cewa kowane ɗan tsako yana koyon kira na musamman daga iyayen da suka rene shi tun yana cikin sheƙa, kiran da ake gane shi da shi. Wato wannan kira ba hayaniya ce kawai ba, akwai wanda ake nufi da shi, akwai kuma amsar da ake jira. Misalinsa kamar sallama ne: ka tsaya a zaure ka yi sallama a hankali, ba a amsa ba, sai ka ɗaga murya, ba a amsa ba, sai ka ƙara, har ka kai ga buga ƙyaure. Akun da ke gidanka ya ɗauke ku a matsayin garkensa. Da zarar ka ɓace masa da gani zai tambayi inda kake, da ɗan fito ko ɗan ƙaramin sauti. Idan aka amsa, shi ke nan, hankalinsa ya kwanta.

To, a duba yadda abin ke gudana a gida. Keji na rataye a baranda. Hajiya ta gama ba shi gyaɗa, ta shige kicin. Aku ya yi fito sau ɗaya, siriri. Tana ji, amma hannunta na cikin kwaɓin fulawa, ba ta tanka ba. Ya ce, "Hajiya!" da irin muryar maigida. Shiru. Ya yi ƙarar waya. Shiru. Sai ya buɗe baki ya tsala ihu. Nan take ta leƙo, "Kai! Wane irin tsuntsu ne wannan? Yi mana shiru!" Ƙaramin yaro ya rugo ya daki keji, babbar yarinya ta jefa masa guntun rake don a huta. Cikin minti biyu tsuntsun ya karanci darasi cikakke: fito ba ya kawo kowa, kiran suna ba ya kawo kowa, ihu kuwa yana kawo mutum uku da rake. Gobe ba zai ɓata lokaci kan fito ba.

Tsawar da aka daka masa ma, a wurinsa ba hukunci ba ce. Tsuntsun da ya saba da garke mai hayaniya, idan ya yi ihu aka mayar masa da ihu, ya sami abokin amshi ke nan. Wani abu da ya faru a Ingila a 2020 ya nuna wannan ƙarara. A wani gidan namun daji da ke Lincolnshire sai da aka janye aku biyar daga idon jama'a saboda sun koyi ashar suna ta zubawa. Masu kula da su sun bayyana cewa dariyar da mutane ke yi idan suka ji zagin ita ce ke ƙara zuga su. Abin da ya jawo hankalin mutane shi tsuntsu ke maimaitawa, zagi ne ko ihu ne ko addu'a.

Farfesa Susan Friedman ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wadda ta yi suna wajen amfani da ilimin nazarin ɗabi'a kan tsuntsayen aku, tana koyar da a duba abu uku a kowane hali: me ya faru dab da kafin halin, mene ne halin kansa, me ya biyo bayansa. Tana kuma gargaɗi a daina laƙaba wa tsuntsu sunaye irin su fitinanne ko mai taurin kai, don suna ba ya nuna maka abin da za ka gyara. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Idan ka ce akunka ɗan banza ne, ka rufe ƙofar magani. Idan ka ce yana ihu duk lokacin da uwargida ta bar baranda, kuma yana dainawa idan ta dawo, ka riga ka ga inda za a kama. Saboda haka matakin farko littafi ne da biro. A yi mako guda ana rubutawa: ƙarfe nawa ya fara, wa ke wurin, wa ya fita, me aka yi masa, yaushe ya daina. Mutane kan ce tsuntsunsu na ihu ba dalili, amma da wuya takarda ta cika ba tare da dalilin ya fito fili ba.

Bayan an gane, sai a zaɓa masa wani sauti da gida zai iya jurewa, daga cikin waɗanda ya riga ya iya. Fito mai gaɓa biyu, ko wata kalma, ko "salamu alaikum" idan ya iya. Wannan sautin shi za a mayar mai daraja. Duk sanda ya yi shi, a amsa nan take, ko daga kicin, ko daga bayi, ko daga ɗaki. A farkon kwanaki amsa da baki kawai ba ta isa ba, a taso a zo, a yaba masa, a miƙa masa ɗan abin da ya fi so wanda ba a zuba masa a kwano. Ihu kuwa a hana shi komai: ba kallo, ba tsawa, ba tsaki, ba shigowa. Idan kana wurin ya fara, ka juya baya ko ka fice ba tare da ka ce uffan ba. Yana yin shiru, ko da na ƙirga biyar ne, ko ya yi sautin da aka zaɓa, ka dawo da fara'a. Sannu a hankali a riƙa tsawaita shirun da ake jira. Sauri wajen ba da lada shi ne ginshiƙin abin. Ladan da ya zo bayan minti ɗaya, tsuntsu ba zai san na mene ne ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar rabin wannan shawara, wato yin biris da ihu, su bar ɗaya rabin. Wannan kuskure ne, kuma zalunci ne. Tsuntsun na da buƙata ta gaskiya, yana son sanin inda nasa suke. Idan aka toshe masa hanyar da ya sani ba a buɗe masa wata ba, ko dai ya ƙara haukacewa, ko ya sare ya koma fizgar gashin jikinsa. Ba a cire masa kira, sauya masa lafazi ake yi.

Sannan a shirya wa abin da zai biyo baya, don a nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa. Ranar da ihu ya daina aiki, tsuntsu ba ya haƙura nan take. Ƙarawa yake yi, ya fi da ƙarfi, ya fi da tsawo, saboda jiya ya yi aiki. Masana ɗabi'a sun san wannan tashin, kuma alama ce cewa ya lura an sauya doka. Amma idan aka jure minti goma, a na sha ɗaya wani ya gaji ya leƙo ya yi tsawa, to an koya masa darasi mafi muni: ihun minti goma ba ya isa, sai an kai sha ɗaya. Halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi wanda ake saka wa kullum wuyar kankarewa. A gidajenmu kuwa, inda tsakar gida ɗaya ta haɗa kaka da matan gida da yara da masu aiki da baƙi, mutum ɗaya ya isa ya rushe aikin mako uku. Dole maigida ko uwargida su tara kowa a yi magana. Ita kaka da tausayi ba zai bar ta ta ji yana kuka ta ƙyale ba, a roƙe ta: "Inna, idan ya yi fito ki ba shi duk abin da kike so, amma idan yana ihu ki daure ki bar shi." Yara kuwa a ba su aikin amsa fito, za su yi shi da murna. Maƙwabta ma a sanar da su cewa za a yi 'yan makonni abin zai ɗan ƙaru kafin ya lafa. Haƙƙinsu ne su sani, kuma wanda aka gaya wa ya fi wanda aka bari cikin duhu haƙuri.

Duk da wannan wahala, ina ganin gidan Bahaushe yana da wata falala da gidajen Turai ba su da ita. A can babbar matsalar aku ita ce maigidansa ya kulle shi a ɗaki ya tafi aiki tun safe sai dare. A nan da wuya gida ya zama ba kowa. Ana daka, ana wanki, ana tsefe kai, ana hira. Abin da ake buƙata kawai a ajiye kejin inda zai riƙa ganin wannan kai-komo, a inuwa, nesa da hayaƙin murhu. Kai shi bayan gida don a huta da ihunsa shi ne ainihin abin da ke hura wutar ihun.

Dabarun horo na tsoratarwa ba na ganin amfaninsu ko kaɗan. Watsa masa ruwa a fuska, dukan keji, girgiza shi, kulle shi a ɗaki mai duhu da rana tsaka: wataƙila ya yi shiru na ɗan lokaci don firgici, amma abin da ya koya shi ne hannun mutum abin gudu ne. Daga nan cizo ke farawa, kuma bakin aku ba abin wasa ba ne. Ruwan da aka mayar makami kuma zai sa ya tsani wanka, alhali yana buƙatarsa. Lulluɓe keji da dare don ya yi barci daidai ne. Lulluɓe shi don fushi daban ne. Maganin barci na mutane kuwa kada a kuskura a ɗiga masa a ruwa.

Horo kaɗai ba zai wadatar ba idan wunin tsuntsun fanko ne. A daji yakan kashe sa'o'i da dama kullum yana tashi, yana nema, yana ɓarewa, yana tauna. A keji yana cinye abin da ke cikin kwano cikin 'yan mintuna, sauran wunin kuma sai zaman sanda ɗaya. Kuma wannan tsuntsu ne mai kai. Wani aku mai suna Alex, wanda Dokta Irene Pepperberg ta yi aiki da shi a Amurka daga 1977 har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da ɗari, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙirga ƙananan adadi. Mai irin wannan ƙwaƙwalwa idan aka bar shi ba aikin yi, zai ƙirƙiro wa kansa, kuma ihu ne mafi sauƙi. A Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, Cheryl Meehan da Joy Mench sun gwada wannan kan wani nau'in aku na Amazon a farkon shekarun 2000. Waɗanda aka ba su abubuwan da za su sha wuya kafin su ciro abinci, da abubuwan hawa da lilo, sun fi sauran kyawun gashi, kuma ba su cika yin maimaita motsi marar ma'ana irin na tsuntsun da ya gundura ba.

Ba sai an sayo kayan wasa daga waje ba. A daina zube abinci duka a kwano. A rataya masa zangarniyar gero ko ta dawa ya yi ta tsinta. A ba shi masara da ɓawonta, rake da ɓawonsa. A ƙunshe 'yan tsaba a cikin farar takarda a murɗe bakin, a cusa tsakanin wayoyin keji. A sa guntun gwanda a cikin ƙaramin kwali a rufe, ya yaga ya ciro. A kawo masa ɗanyen reshen gwaiba ko na zogale wanda ba a fesa wa magani ba, a wanke, ya yi ta ɓantara. Zai ɓata wuri, babu shakka, amma sharar ɓawo ta fi ciwon kai sauƙi. Dabara mai kyau ita ce a ba shi irin wannan aikin dab da lokacin da littafin nan ya nuna yana fara ihu, kafin ya fara, ba bayan ya fara ba. Kejin kuma ya zama wanda zai buɗe fuka-fukansa gaba ɗaya ya kaɗa ba su taɓa waya ba. Ƙananan kejin nan masu zagaye da ake sayar da su tare da tsuntsun na ɗauko shi daga kasuwa ne, ba na zama ba. Idan ya saba da hannu, a riƙa fito da shi kullum a ɗaki rufaffe, bayan an kashe fanka.

Barci ma yana da hannu. A kurmin da ya fito, dare da rana kusan tsawonsu ɗaya ne duk shekara, shi ya sa likitocin tsuntsaye ke ba da shawarar sa'o'i goma zuwa sha biyu na duhu da natsuwa. Akun da ke falo ana kallon ƙwallo ko fim har sha biyun dare, janareta na ruri a gefen taga, sannan a tashe shi da asuba, dole ya wuni cikin ƙunci. A sama masa wurin kwana daban. Da hunturu kuma, lokacin da iska ke bushe fata, a riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi sama-sama da hantsi, ko a ajiye masa faffaɗan kwano ya yi wanka da kansa, don ɗan wuri mai laima ne.

Sai abinci. Gyaɗa zalla da yawancinmu ke ba shi tana da maiƙo da yawa, ba ta da isasshen kalsiyam da bitamin A, kuma aku mai ruwan toka ya shahara da matsalar ƙarancin kalsiyam, wadda kan kai shi ga rawar jiki da faɗowa daga sanda. Gyaɗar da ta yi hunhuna kuwa guba ce. A haɗa masa da karas, kabewa, gwanda, mangwaro, ganyen zogale, dafaffen wake, tattasai da attarugu, waɗanda yajinsu ba ya damun tsuntsaye, da kwakwar manja jefi-jefi, wadda abincinsa ce ta asali. A bar shi ya sha hantsi kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, tare da inuwar da zai koma. A nisanta shi da fiya da cakulan da shayi da gahawa. Goro ma haka, komai yadda ya miƙo baki yana roƙo, don sinadaran da ke sa goro ya wartsake mutum su ne ke cutar da zuciyar tsuntsu. Huhunsa kuma ba ya jure hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, hayaƙin janareta, da tururin kaskon nan da abinci ba ya kamawa idan ya yi zafi fiye da kima, wanda kan kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci.

Idan tsuntsun da ba ya ihu ya fara kwatsam, ko mai hayaniya ya yi tsit, a nemi likitan dabbobi kafin a fara wani horo. Tsuntsaye na ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Shirun da ya zo da kumbura gashi, zama a ƙasan keji, ko sauyin kashi, ya fi kowane ihu hatsari. Akwai kuma lokacin da balagaggen aku ke shiga yanayin neman aure, hayaniyarsa ta ƙaru na 'yan makonni. A lokacin a taƙaita shafa shi a kai da wuya kawai, a cire duk wani akwati ko lungu mai duhu da zai ɗauka sheƙa ce, abin zai wuce.

Wasu kan ce a sayo masa ɗan'uwa. Gaskiya ne kaɗaici na cin sa. Wani bincike da aka yi a Biyana ta Ostiriya, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa aku masu ruwan toka da ke zaune su kaɗai suna nuna alamun saurin tsufa a ƙwayoyin halittarsu fiye da masu abokin zama. A 2023 kuma masu bincike daga Jami'ar Northeastern da ta Glasgow da cibiyar MIT sun koya wa tsuntsaye 18 kiran junansu ta bidiyo, kuma tsuntsayen suka riƙa neman kiran da kansu. Amma aku biyu ba lallai su shirya ba, kuma ko sun shirya, hayaniyar asuba ninkuwa za ta yi. Wanda ya kasa da ɗaya kada ya ƙara na biyu.

Akwai ma dalilin da ya fi wannan. Binciken da Nathaniel Annorbah da abokansa suka wallafa a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu tun daga 1992, saboda kamawa don sayarwa da sare manyan bishiyoyi. A shekarar ta 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamawa ba sa kaiwa kasuwa da rai. Wanda ya kai kuwa, shi ne za ka gani a maƙure a lungun keji yana wani gurnani mai ban tausayi idan an matso. Wannan ba ya neman kowa, so yake a matsa. Irinsa ba a fara masa da horon fito. Ana farawa ne da zama nesa da shi, a yi magana a hankali, a ajiye abinci a ja da baya, a riƙa matsowa taku-taku cikin makonni ko watanni, daidai gwargwadon abin da ya iya ɗauka. Ra'ayina shi ne kada a saye shi tun farko, ko da don tausayi ne, domin kuɗin da ka biya shi zai tura mai tarko ya koma daji.

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu, suna kafa hujja da hadisin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa, amma da sharaɗin a ba shi haƙƙinsa, kuma hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu sananne ne ga kowa. Aku mai ruwan toka kan yi shekara arba'in zuwa sittin a hannun mutane idan ya sami kulawa, wato yana iya riskar jikokin wanda ya saye shi. Mai zaune a gidan haya ɗaki-ɗaki, ko mai jinyar tsoho, ko wanda aikinsa ba ya barinsa zama, ya auna wannan tun kafin ya taya.

Wanda kuma ya yi iya ƙoƙarinsa na watanni abin ya gagara, ko maƙwabta suka kasa jurewa, kada ya buɗe keji ya sake shi. Akun kurmi ba zai rayu a sararin arewa ba, wanda ya tashi a keji kuma bai san yadda ake neman abinci ko guje wa shaho ba. Kada kuma ya mayar da shi kasuwa, inda zai yi ta sauya hannu, kowane sabon gida yana ƙara masa firgici. Ya nemi mutumin da ya san tsuntsun, mai fili da lokaci, ya gaya masa gaskiyar dalilin rabuwa, ya miƙa masa shi tare da kejinsa da sandar da ya saba da ita, da bayanin abincin da yake ci, da abubuwan da ke ba shi tsoro, da sautin da aka koya masa ana amsawa.